Karin kumallo a gonar tuffa: tambayoyin da baƙina ke yi kafin mu fita karkarar Kent

Duk baƙon da ya sauka a gidana a kudancin Ingila, ɗalibi ne sabon zuwa ko ɗan'uwa da ya zo ganin likita, idan ya kwana biyu yana zaga Landan nakan ce masa ranar Asabar ya shirya da wuri, za mu fita karkara mu karya. Yawanci da mamaki ake amsa mini. Ga abinci a gida, me zai kai mutum tafiyar awa guda saboda ƙwai da burodi? Daga nan tambayoyi ke farawa, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Su ne na tattara a nan da amsoshinsu, gwargwadon abin da na gani da idona.

Wai wane irin wuri ne wannan?

Gona ce ta itatuwan marmari, galibi tuffa, wani lokaci da ceri da sitiroberi a gefe. Mai gonar ya gyara tsohon ɗakin ajiyar amfani ko garejin tarakta, ya zuba tebura na katako, ya buɗe kicin. Kusa da ƙofa akwai ɗan kanti da ake sayar da abin da gonar ta haifa: tuffa a akwatuna, ruwanta a kwalabe, zuma, ƙwai, jam, burodin da aka gasa da asuba. Idan gari ya yi kyau a fitar da tebura waje, ka zauna kana cin abinci reshen tuffa na taɓa kafaɗarka.

Abin da ya sa manoma suka shiga wannan harka ba ɓoyayye ba ne. Manyan kantunan ƙasar ne ke yanke farashin amfanin gona, kuma ƙaramin manomi ba ya iya ja da su. Idan ya matse tuffarsa ya sayar maka da kofi guda a teburinsa, ko ya gasa kek da ita, ribar ta zauna a hannunsa. Wasu gonakin da wannan kicin ɗin suke tsaye, ba don shi ba da tuni an sare itatuwan an yanka filaye.

Me ya sa sai Kent?

Ba lallai sai Kent ba. Akwai irin waɗannan wurare a Somerset da Herefordshire da wasu yankuna. Amma Kent ce ke maƙwabtaka da Landan ta kudu maso gabas, kuma ita ake yi wa kirari da lambun Ingila. Ƙasarta na da kyau, ruwan sama bai yi mata yawa kamar yammacin ƙasar ba, ga kasuwar Landan a bakin ƙofa. Tun a 1533 wani mai kula da kayan marmarin Sarki Henry na Takwas, Richard Harris, ya dasa manyan gonakin ceri da tuffa a ƙauyen Teynham, kuma daga nan noman ya bazu. A East Malling, cikin Kent ɗin dai, aka kafa cibiyar binciken itatuwan marmari a 1913. Gindin dashen da suka tantance, irin su wanda ake kira M9, shi ne ya ba duniya gajerun itatuwan tuffa da mutum zai tsinka yana tsaye ba tare da tsani ba. Duk inda ka ga gonar tuffa ta zamani, a Afirka ta Kudu ko a Amurka, da wuya ka rasa hannun East Malling a ciki.

Mene ne bambancin karin kumallo da abin da suke ce wa brunch?

Lokaci ne kawai, sai kuma natsuwa. Karin kumallo na farawa da an buɗe, misalin ƙarfe takwas ko tara. Brunch kuwa shi ne abin da za mu kira abincin walaha: hantsi ya dubi ludayi, azahar ba ta yi ba, sai a haɗa kalacin safe da na rana a zama ɗaya. Sunan ma haɗin gambiza ne na kalmominsu biyu na abincin safe da na rana. Wani marubuci ɗan Ingila, Guy Beringer, ya yi amfani da shi a 1895 yana roƙon a bar mutane su yi barcinsu ranar Lahadi su ci abinci a makare.

Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya sha koko da ƙosai da sassafe ya tafi gona, ya dawo da walaha aka ɗumama masa tuwo, ya san wannan tsari. Abin da ya bambanta shi ne a nan ba a gaggawa. Awa biyu a teburi ɗaya ba abin kunya ba ne, in dai ba layi ya taru a ƙofa ba.

Me ake kawowa a faranti?

Sarkin jerin abincin shi ne cikakken karin kumallon Ingilishi. Babban faranti ne da ƙwai, da wake da aka dafa cikin miyar tumatir mai ɗan zaƙi, da gasasshen tumatir, da soyayyen dankalin turawa da aka goga aka dunƙule, da gasasshen burodi da bota, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, sannan nama kala biyu ko uku. Naman nan shi ne inda gizo ke saƙa, zan zo kansa.

Bayan shi akwai kunun hatsin oat da zuma ko dafaffiyar tuffa a sama, akwai yogot da 'ya'yan itace, akwai fiya da aka dama aka shafa a kan burodi, akwai kifi. Akwai kuma abin da suke kira pancake, wanda daga sunansa muka samo kalmar fanke, ko da yake namu dunƙulalle ne da ake tsomawa a mai, nasu kuwa faffaɗa ne kamar wainar fulawa, ana jera uku ko huɗu a zuba zuma ko ruwan sukarin itacen maple.

Babbar tambaya: yaya zan kauce wa alade?

A nan nake so a tsaya a karanta da kyau, don alade a karin kumallon Ingila ba a wuri ɗaya yake ba.

Na fili su ne bacon, wato siraran yankan naman alade da aka sa wa gishiri, da ham, da gammon. Sosej ɗin da ba a faɗi namansa ba, ɗauka cewa na alade ne, don kusan kullum haka yake. Ko an rubuta na saniya ko na kaza, fatar da aka ɗura shi ciki tana iya zama hanjin alade. Sai wani baƙin abu mai kama da yankan kek da ake kira black pudding. Sunan na yaudarar baƙo, ya ɗauka kayan zaƙi ne, alhali jini ne, galibi na alade, da kitse da hatsi. Chorizo da pancetta da ake barbaɗawa a kan ƙwai su ma alade ne. Na taɓa ganin shakshuka, abincin Arewacin Afirka da kowa zai ɗauka ba matsala, an yanka mata chorizo a ciki.

Na ɓoye sun fi wuyar ganewa. Soyayyen burodi a wasu wurare da kitsen bacon ake soya shi. Wasu masu gashi na sa man alade, wanda suke kira lard, a ɓawon fulawar da ake naɗe tuffa ko nama da shi. Kayan zaƙi masu danƙo na iya ƙunsar jelatin. Sannan akwai faffaɗan ƙarfen suya guda ɗaya da ake gasa komai a kai, ƙwanka a gefe, bacon ɗin wani a gefe.

Abin da nake yi ba shi da wuya. Ina zaɓar farantin da aka yi wa alamar V, wato na waɗanda ba sa cin nama, ko VG na waɗanda ba sa taɓa duk abin da ya fito daga dabba. Sannan in ce wa mai kawo abincin: ba na cin alade saboda addini, shin ana soya wannan a wuri ɗaya da bacon? In haka ne, ko za a yi mini a kasko daban? A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai da wannan tambaya ba. Mutanen nan sun saba, domin doka ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, saboda haka tambayar abin da ke cikin abinci al'ada ce a wurinsu. Amma a lura: alade ba ya cikin goma sha huɗun nan. Takardar da za su nuna maka ba za ta ambace shi ba. Sai ka tambaya da bakinka.

Kuma kada ka ce a kawo cikakken farantin kawai ka ture naman gefe. Mansa ya riga ya malale cikin wake da ƙwai.

Ruwan tuffa fa? Na ji an ce wani giya ne.

Gaskiya ne, kuma wannan ya fi alade kama mutanenmu. A Birtaniya duk abin da aka rubuta wa cider giya ce ta tuffa, mai bugarwa. Wadda aka yi da 'ya'yan itacen pear, wani dangin tuffa, kuma ana ce mata perry. Abin da kake nema sunansa apple juice. Ruɗanin daga Amurka ya zo, domin can idan an ce cider ruwan tuffa ne zalla wanda ba a tace ba, sai an ƙara kalmar hard kafin ya zama giya. Wanda ya yi karatu a Amurka ya zo nan da sabonsa, sai a yi abin da ba a so.

Wata shekara a watan Oktoba na kai wani ƙanina wata gona, ana sanyi, iska na kaɗa ganye. A bakin ƙofa an ɗora tukunya tana tururi, ƙamshin kirfa da kanumfari ya cika wurin. Ya miƙa kuɗi ya ce a zuba masa. Matar da ke riƙe da ludayin, dattijuwa ce mai farin gashi, ta dubi hularsa ta dakata, ta ce masa wannan akwai giya a ciki, ga ɗaya tukunyar can ta yara, ita ce ruwan tuffa zalla, kayan ƙamshin duk ɗaya ne. Ya yi mata godiya har sau uku. Ba kowa ne zai lura kamar yadda ta lura ba, shi ya sa nake cewa ka tambaya kafin a zuba.

Ruwan tuffar gona ba ya kama da na kwali. Gurɓi-gurɓi ne, ba garau ba, wani lokaci da ɗan gari a ƙasan kwalbar. A jikin kwalbar akan rubuta sunan irin tuffar da aka matse, kuma ɗanɗanon ya bambanta ƙwarai: na Bramley tsami ne mai wartsake ido, na Cox zaƙi da ƙamshi. Wanda aka matse a gabanka ba a dafa shi ba, ka shanye shi a ranar ko ka sa a firiji. In ya kwana biyu a wuri mai ɗumi zai fara tsima da kansa.

Idan akwai naman kaza ko na saniya, ya halatta?

Da wuya ka samu naman da aka yanka bisa shari'a a gidan abincin karkara, sai in sun rubuta. Malamai sun yi saɓani kan yankan mutanen Littafi a irin mayankar zamani, kuma wannan ba fagena ba ne, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Ni dai kifi da ƙwai sun ishe ni.

To in an cire nama, me ya rage da zai ƙosar da mutum?

Da yawa. Farantin marasa cin nama ba ƙarami ba ne, kuma sau da yawa akan sa gasasshen cukun halloumi a madadin naman, wanda ke tuna mini da awara ko cukun Fulani da aka soya. Wanda ke son kifi ya nemi kippers, kifin teku ne da aka tsaga aka yi bandarsa da hayaƙi, ɗan'uwan bandar da muka sani, sai dai ya fi ta laushi da gishiri. Akwai ƙwai uku masu kama da juna da ya kamata a rarrabe: Benedict da ham ake yi, a bar shi, Royale da kifin salmon, Florentine da alayyafo.

Abu ɗaya da zai dame ka shi ne rashin yaji. Abincin nan salam yake ga harshen da ya saba da attaruhu. Wata 'yar'uwata ba ta fita sai da ɗan ƙullin yajin ƙuli a jaka, kuma ban ga laifinta ba, ƙwai da wake suna karɓarsa sosai. Shayi kuma ba irin na teburin mai shayi ba ne da ake haɗo maka da madara da sukari har cokali ya tsaya. Buta za a kawo maka, da ɗan kofin madarar shanu mai sanyi, ka haɗa da kanka.

Idan da sauran wuri a ciki, ka rufe da kek ɗin tuffa. A lokacin kaka, da tuffar da aka tsinka jiya, shi kaɗai ya biya kuɗin jirgi.

An kawo mini ƙwai gwaiduwar na zuba. Bai dahu ba ne?

Haka suke so. Idan kai ba ka so, ka faɗa tun wajen oda cewa a dafa shi sosai. Ƙwan da ke da tambarin jan zaki a ɓawonsa, hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce tun 2017 ko mai juna biyu za ta iya cin sa ruwa-ruwa. Ƙwan kajin gonar da ba shi da wannan tambari bai shiga cikin wannan ba, don haka ga mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi a dafa shi ya dahu.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Sau biyu gona ke cika ido. Na farko daga Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, lokacin fure. Ceri ke farawa da fari fat, tuffa ta biyo baya da fari mai sirkin ja, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Babu abin tsinka a lokacin, kallo ne kawai, amma wanda ya fito daga watannin sanyi da duhun Landan ya san darajarsa.

Na biyu shi ne kaka. Sitiroberi na nuna a Yuni da Yuli, ceri daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, tuffar farko irin Discovery a Agusta, sauran kuma daga Satumba zuwa Oktoba. Ranar 21 ga Oktoba ita ce Ranar Tuffa, wadda ƙungiyar Common Ground ta fara a 1990, kuma gonaki da yawa kan yi biki a makonnin da ke kewaye da ita. Idan sau ɗaya kawai za ka je, ka je a ƙarshen Satumba. Da hunturu wasu wuraren na rage kwanakin buɗewa, wasu su rufe gaba ɗaya.

Tuffa ba tuffa ba ce? Mene ne na wani zumuɗi?

Ni ma haka na ɗauka da. A gida iri biyu muka sani, kore da ja, waɗanda ake jerawa a kan tire a bakin titi, akasari daga Afirka ta Kudu. Tuffar da ta tsallaka teku an ajiye ta ne a ɗakin sanyi da aka rage wa iskar shaƙa don kada ta nuna da wuri, kuma tana iya yin watanni a haka. Ba ta lalace ba, amma ƙamshinta ya tafi.

Wanda ke son ya ga iyakar abin ya je Brogdale, kusa da garin Faversham. Nan ne ma'ajiyar itatuwan marmari ta ƙasa, mallakar gwamnati, kuma Jami'ar Reading ke kula da ɓangaren bincikenta. Akwai irin tuffa sama da 2,000 a gona ɗaya, ban da ɗaruruwan irin ceri da pear. Kowane iri bishiya biyu, da sunansa a allo. Wata fatarta garje-garje kamar dankali, cikinta kuma ɗanɗanon gyaɗa. Wata ƙarama kamar goruba. Wata ba ta ciwuwa sai ta yi wata biyu a ajiye. Akwai wurin cin abinci a harabar, kuma a lokutan fure da kaka ana zagayawa da baƙi.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin Bramley, tuffar girki da kusan duk kek ɗin da za ka ci da ita aka yi shi. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwallonta a bayan gidansu a Southwell cikin 1809. Daga baya wani mahauci mai suna Matthew Bramley ya sayi gidan, sunansa ya bi bishiyar. Duk wata Bramley da ke duniya reshen wannan bishiya ɗaya ce, aure aka yi ta yi daga wannan zuwa wancan sama da shekara 150. Mai lambun da ya san mangwaro ɗan aure ya riga ya san dabarar.

Gaskiya ne ana barin mutum ya tsinka da kansa?

A gonakin da suka rubuta haka, e. Za a ba ka kwando ko jaka, a nuna maka layin da ya nuna, ka tsinka, a auna a bakin ƙofa ka biya. Ba a fizga. Ka tallafi tuffar a tafin hannu, ka ɗaga ta sama ka ɗan murɗa. In ta nuna za ta rabu da reshen da kanta, in ta ƙi ka bar ta. Wanda ya fizga yakan karyo ɗan tohon da zai yi furen baɗi.

Ɗanɗana ɗaya ba a cika magana ba, amma a cika ciki a cikin gona a fito da kwando rabi, wannan cin haƙƙi ne, ko ba wanda ya gani. Kada a bar yara su hau bishiya, kuma abin da ka tsinka naka ne, ba a zubarwa a ƙasa don an ga wanda ya fi shi kyau a gaba.

Nawa zan tanada?

A 'yan shekarun nan cikakken faranti yakan kama tsakanin fam 10 zuwa 15, shayi ko kofi fam 3 zuwa 4. Wurare da yawa kati kawai suke karɓa. Dubi ƙasan rasit: idan an riga an ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari, ba sai ka ƙara ba. Idan a kanta ka yi oda ka biya, ba a jiran tukuici, sai in ka ga dama ka jefa wani abu a gwangwani. Tun Oktoban 2024 doka ta ce tukuicin na ma'aikata ne gaba ɗaya, mai wuri ba shi da ikon yanka.

Yaya ake zuwa, kuma sai an kama wuri?

Da mota ya fi sauƙi, domin yawancin gonakin suna kan ƙananan hanyoyi da bas ba ya bi sosai, musamman ranar Lahadi. Marar mota ya hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria ko St Pancras zuwa Faversham, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan tasi ko ɗan tattaki ya kai shi Brogdale. In za ka ɗauki tasi zuwa gona mai nisa, ka yi magana da direban kan dawowa tun a lokacin, don waya ba ta cika samun sabis a kwari ba.

Asabar da Lahadi a kama wuri tun kwana biyu kafin nan, musamman in kun haura mutum huɗu. Mu da muke tafiya da iyali gaba ɗaya, da baƙi, da abokin baƙi, wannan ya shafe mu. Kuma lokaci lokaci ne. Wanda ya makara da minti 15 yana iya tarar da an ba wani teburinsa, kuma wurare da yawa na daina abincin safe da ƙarfe sha ɗaya da rabi ko sha biyu daidai.

Zan iya zuwa da yara? An ce akwai karnuka.

Yara su suka fi kowa jin daɗi, ga fili ga ciyawa, wani wurin har da tumaki da kaji. A sa musu takalmin da ba a tsoron taɓo.

Karnuka kuwa akwai su. Mutanen karkara da karensu suke yawo, kuma wurare da yawa na barin su shiga har ƙarƙashin tebur. Yawanci a ɗaure suke kuma ba sa damun kowa, amma in ba ka so kare ya shinshina maka tufafi, ka nemi a zaunar da ku a ɓangaren da ba a shiga da su, ko ka gaya wa mai karen cikin ladabi ya ja shi. Za su ja. A ƙarshen Agusta da Satumba kuma akwai rina, masu bin zaƙi. A rufe kofin ruwan tuffar yaro, a duba kafin ya kai baki.

Salla fa? Kuma ba za a yi ta kallonmu ba?

Babu masallaci, babu ɗakin salla. Ina tafiya da darduma a mota. Da bazara azahar kan shiga wajen ƙarfe ɗaya, da hunturu wajen sha biyu, don haka mai zuwa da wuri yakan gama kafin lokaci. In ta riske ni, nakan nemi izini in koma gefen gona in shimfiɗa a kan ciyawa. Ba a taɓa hana ni ba.

Kallo kam za a ɗan yi, don karkarar Ingila ba Landan ba ce, wani lokaci ku kaɗai ne baƙaƙen fata a wurin. Abin da na fi gani shi ne son sani. Wani tsoho ya taɓa tsayar da ni yana tambayar ko ana noman tuffa a ƙasarmu, muka ɓata rabin awa ina ba shi labarin sanyin Jos da lambunan sitiroberi na can, shi kuma yana nuna mini yadda ake gane reshen da zai yi 'ya'ya.

Ta yaya zan san wurin na da tsafta?

Hukuma na duba wuraren sayar da abinci ta ba su maki daga 0 zuwa 5, kuma da yawa na manna koren tambarin a ƙofa. A Ingila ba dole ba ne a manna, amma makin na nan a shafin hukumar a intanet.

Su wa ke yin aikin gonar?

Ina son wannan tambaya, don mai cin kek ba ya cika tuna hannun da ya tsinko tuffar. A manyan gonaki akasarin masu tsinka baƙi ne da ke zuwa da bizar aikin kaka ta wata shida. A da 'yan Romaniya da Bulgeriya suka fi yawa, yanzu da yawa daga ƙasashen tsakiyar Asiya suke, irin su Kirgistan da Uzbekistan da Tajikistan. Aiki ne mai wuya, tun fitowar rana, da jaka rataye a ƙirji. Na taɓa yi wa wasu samari biyu sallama a bakin layin itatuwa, suka amsa da cikakkiyar sallama, fuskarsu ta washe. Ga wanda ke gida yana jin labarin wannan aiki: dokar Birtaniya ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki. Duk wanda ya ce ka biya shi ya kai ka gonar tuffa, ka yi nesa da shi.

Zan iya ɗaukar ƙwallon in shuka a gida?

Za ka iya shukawa, amma abu biyu za su tare ka. Na farko, ƙwallon tuffa ba ya gadon uwarsa. Ka shuka ƙwallon mai zaƙi, bayan shekaru ka samu mai tsami da ba ta ciwuwa, shi ya sa ake aure. Na biyu, irin tuffar Ingila na buƙatar dogon sanyin hunturu kafin ta farka ta yi fure, ɗaruruwan awoyi na sanyin da ya kusa na firiji. Hunturun Kano ko Damagaram bai kai nan ba. A tudun Jos da Mambila, inda ake samun sanyi, nau'o'in da ba sa buƙatar sanyi mai yawa su ake gwadawa, kuma a hannun masu dashe na can ya kamata mai sha'awa ya nema. Shigo da reshe ko dashe daga waje kuma sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi.

Tsarabar da nake ba baƙina shawara ita ce jam da zuma, a naɗe kwalbar cikin tufafi a sa a babbar jaka, ba ta hannu ba, don kada a karɓe a filin jirgi. Tuffar kuwa a ci ta a nan. Ƙanin nan nawa ya cika jaka da Cox zai kai wa Hajiya, muka lissafa kwanakin da suka rage masa muka ga ba za ta kai da ƙamshinta ba, sai ya kira ta ta bidiyo daga tsakiyar gonar, ya juya wayar yana nuna mata layin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tambayarsa wa ke yi musu ban ruwa.